Kanjamau da Rufin Asirin Dattawa a Ƙasar Mafara

A shekarar 1986 aka fara bayar da rahoton cutar kanjamau a Nijeriya, lokacin Talata Mafara da Bakura da Maradun suna cikin Jihar Sakkwato, don sai a 1996 aka yanke Zamfara. Babu magani a wancan zamani, har Hausawa suka yi mata laƙabi da "kabari salamu alaikum". Idan mutum ya rame ya tsotse, dangi kan ce sammu ne ko tarin fuka, a yi jinyarsa a ɗaka, a binne shi ba a ambaci sunan ciwon ba.

Gwamnatin tarayya ta fara sayar da magani da rangwame a 2002, ta mayar da shi kyauta a 2006. Magidantan da suka fara shan sa a lokacin su ne masu furfura a yau.

Nauyin da ke kan dattijo ya fi na yaro. Shi ake kai wa ƙara, shi ke waliccin aure, mutuncinsa ne na gidan. Jama'a kuwa sun riga sun ɗaura cutar da zina, alhali tana shiga ta ƙarin jini, ta askar da ba a tsabtace ba, ta shimfiɗar aure ma. Tsohuwar da ta ɗauka daga mijin da ya rasu tana tsoron bakin kishiya da na surukai, da kada a guji neman auren 'ya'yanta. Ga kuma alkunya: uwar da ba ta iya faɗin sunan ɗanta na fari, da wuya ta faɗa masa wannan. Saboda haka akan zaɓi mutum ɗaya, ƙani ko ɗiya, a amince masa, sauran gida kuma su san dai ana shan maganin hawan jini. Wasu kan tsallake asibitin Talata Mafara su tafi Gusau ko Sakkwato, gudun haɗuwa da idon sani.

Dokar tarayya ta 2014 ta haramta nuna wa masu cutar wariya, amma ikonta ya fi aiki a wurin aiki da asibiti, bai kai zaure ba. Matsalar 'yan bindiga a hanyoyin Bakura da Maradun ta sa tafiya nesa ta zama kasada. Tsarin bayar da maganin wata uku zuwa shida a zuwa ɗaya ya rage wa dattijon yankin yawan zirga-zirga, da yawan tambayar ina za shi.