Maƙalar Mako: Sassaƙa, Haske da Ɗaliban Zariya na 1958

Duk wanda ya leƙa lambun sassaƙa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ya ga siffofi, wasu ba mutum ba, ba dabba ba, inuwarsu na sauyawa daga hantsi zuwa la'asar. Da yawanmu kan ce wannan ai aikin Turawa ne.

Tarihi bai ce haka ba. A 1958, tun wurin yana kwaleji, ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya, suka ƙi bin malamansu Turawa ido rufe. Matsayarsu ita ce a karɓi dabarar baƙo, a ɗora ta kan gadon gida. Daga baya Grillo ya yi suna da gilasai masu launi da rana ke ratsawa.

Tun kafin su, a ƙarni na 19, Babban Gwani Mika'ilu ya ƙawata Masallacin Juma'a na Zariya da zayyanar laka mai tudu da kwari, wadda haske da inuwa ke fito da kyanta.

To mu masu kwaso labari daga finafinan Indiya, kan wane gado muke ɗora alƙalaminmu? Muna sauraron ra'ayoyinku.