Malaman Musulmin Sin da Littattafan Konfushiyas

A ƙarni na 16 na Miladiyya, zamanin daular Ming, Musulmin ƙasar Sin sun wayi gari cikin wani hali mai tayar da hankalin malamai. Kakanninsu sun zo daga Farisa da ƙasashen Larabawa da Asiya ta Tsakiya, da yawansu a lokacin mulkin Mongol, suna ɗauke da Larabci da Farisanci. Jikokin kuwa da Sinanci suka buɗe baki. Littattafan addini suna nan a masallatai, amma masu iya karanta su sun yi ƙaranci. Haka kuma, duk mai neman muƙami a hukuma sai ya ƙware a Littattafai Huɗu, waɗanda Zhu Xi (1130–1200) ya tsara ya yi musu sharhi, domin su ne ginshiƙin jarrabawar ɗaukar ma'aikata tun daga 1313 har aka soke ta a 1905. Saboda haka yaro Musulmi mai hazaƙa kan iya haddace zantukan Konfushiyas alhali ilimin tauhidinsa bai taka kara ya karya ba.

Wanda ya fara tunkarar matsalar shi ne Hu Dengzhou (1522–1597) na lardin Shaanxi. Ya kafa tsarin karatu a masallatai, inda ake koyar da nahawu da fiƙihun Hanafiyya da aƙida da tafsiri, malami yana karanta nassi yana fassarawa da Sinanci mai gauraye da kalmomin Larabci da Farisanci. Daga wannan gado aka sami malaman da suka ƙara taku ɗaya: suka zauna suka karanci falsafar Sin, sannan suka rubuta Musulunci da harshenta. Rubuce-rubucensu ne ake kira Han Kitab.

Wang Daiyu na birnin Nanjin ya fitar da littafinsa Zhengjiao Zhenquan a 1642. Babbar wahalar da ya fuskanta ita ce ta lafazi. Mabiya Zhu Xi suna mayar da asalin komai ga wani tushe da suke kira Taiji, wanda ba su siffanta shi da irada ko umarni ba. Da Wang ya ɗauki wannan kalma a matsayin sunan Allah, da aƙida ta gurɓata. Sai ya yi amfani da Zhenzhu, wato Ubangiji na Gaskiya, da Zhenyi, wato Makaɗaici na Gaskiya, ya ajiye Taiji a ƙarƙashinsu. Ya yarda da ɗabi'un da Konfushiyas ya koyar, kamar biyayya ga iyaye, amma ya yi raddi mai zafi ga mabiya Buddha da na Dao a kan asalin halitta.

Liu Zhi, shi ma ɗan Nanjin, shi ya kai wannan aiki matuƙa. Ya shafe shekaru yana nazarin littattafan Konfushiyas da na Buddha da na Dao tare da na Musulunci. A 1704 ya kammala Tianfang Xingli, wanda ya dogara a cikinsa ga littattafan sufaye na Farisanci, irin su Mirsadul Ibad na Najmuddin Razi da Lawa'ih na Abdurrahman Jami. A Tianfang Dianli ya jera shika-shikan Musulunci biyar, sannan ya bi da alaƙoƙi biyar da Sinawa suka sani: sarki da bafade, uba da ɗa, miji da mata, wa da ƙane, aboki da aboki. A littafinsa na sira ya kira Manzon Allah (SAW) da Zhisheng, wato mafificin masu hikima, laƙabin da Sinawa suka daɗe suna yi wa Konfushiyas. Mai karatu Basine ya san nauyin wannan da'awa ba sai an yi masa bayani ba.

Hanyar ba ta tsira daga jayayya ba. A ƙarshen ƙarni na 19, Ma Wanfu ya dawo daga Makka ya jagoranci ƙungiyar Yihewani, mai kiran a koma ga nassin Larabci a bar al'adun da suka cuɗanya da addini. Jama'ar Xidaotang ta lardin Gansu kuwa sai ta riƙi littattafan Liu Zhi a matsayin tushen karatunta. Tambayar da ta raba su tsohuwa ce a wurin malamai: iya ina ne aron lafazin wata al'umma yake taimakon da'awa, kuma daga ina yake fara sauya ma'ana?

A ƙarni na 20 sai tafiyar ta juya. Muhammad Ma Jian (1906–1978) na lardin Yunnan ya tafi Azhar a 1931, kuma a 1935 aka buga fassararsa ta zantukan Konfushiyas zuwa Larabci a Alƙahira, da sunan Kitabul Hiwar. Bayan ya koma gida ya koyar a Jami'ar Beijin, ya kuma fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Sinanci. An buga fassarar cikakkiya a 1981, shekara 3 bayan rasuwarsa, daga baya kuma Cibiyar Sarki Fahad ta Madina ta sake buga ta.