Saitin Kwantak: Sana'ar da Ta Zo da Babura Masu Hayaƙi

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, gardama kan babur ta dawo bakin tasha a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Dattawan da har yanzu ke riƙe da tsohuwar Suzuki A100 ko Yamaha YB100 suna kukan cewa babu bakaniken da zai saita musu kwantak. Matasan kanikawa kuma suna cewa babur mai shan fetur haɗe da baƙin mai ya gama zamaninsa. Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san inda wannan aiki ya samo asali.

Asalinsa daga nesa yake. A 1902 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da maganeto mai ba fulogi wuta, a wajajen 1910 kuma Charles Kettering na Amurka ya kawo tsarin da ke aiki da batir. Duka biyun sun dogara da wasu ƙananan ƙarafa biyu da ke haɗewa su rabu, wato kwantak. Daga Jamus ɗin ne kuma aka sami DKW RT125, ƙaramin babur mai bugu biyu wanda Yamaha ta kwaikwaya a 1955 ta ƙera babur ɗinta na farko.

A wannan yanki, shekarar da ta fi muhimmanci ita ce 1975. A lokacin ne kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, malaman makaranta da akawuna suka sayi babura. A lokacin ne kuma shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa, ya fara aiki a gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. An fitar da hanyoyin karkara, malaman gona suka riƙa shiga ƙauyuka a kan babur, manomin da ya sayar da auduga shi ma ya yi sha'awa. A wancan zamanin kamfanin Boulos yana haɗa Suzuki a Legas, Yamaco na John Holt yana kawo Yamaha. Babur ya yawaita, kuma kusan kowane ɗaya yana da kwantak a bayan maganeto.

Aikin kansa ba ya ɗaukar garaje. Bakanike zai cire murfin gefen inji, ya juya maganeto da hannu yana leƙa ta tagarsa har kwantak ya buɗe iyakar buɗewarsa. Tazarar da ake so ba ta wuce milimita 0.3 zuwa 0.4 ba. Daga nan sai ya nemi alamar F da aka zana a jikin maganeto, ya daidaita ta da zanen da ke jikin inji. Daidai nan kwantak zai fara rabuwa, lokacin da fistin ya rage kimanin milimita biyu ya kai ƙarshen hawansa. Wanda ba shi da na'urar awo yakan saƙala siririyar takardar kwalin taba tsakanin ƙarafan, yana ja a hankali. Da zarar ta suɓuce, ya san wuta ta tashi.

Kuskure kaɗan yana da tsada. In wuta ta yi saurin zuwa, kik ya dawo ya doki ƙafar mai shi, inji ya ɗau zafi, wani lokaci har fistin ya huje. Inji mai bugu biyu ma yakan iya tashi yana juyawa da baya. In kuma ta makara, babur ya rasa ƙarfi, ya kasa hawan tudu da buhun masara. Ga shi wannan inji yana ba da wuta a kowane juyi, don haka a gudun juyi 5,000 a minti ɗaya kwantak yana buɗewa sau 5,000. Ƙurar hunturu tana cinye dugadugin da ke gogar sandar maganeto, tazara ta ragu, saiti ya goce. Na'urar kwandansa da ke haɗe da kwantak in ta mutu, fuskar kwantak ta ƙone. Abin da ya sa mai babur ba ya daɗewa bai koma wurin bakanike ba ke nan, kuma a haka ne yara suka koya, da kunne da yatsa.

To me ya kashe sana'ar? Wasu sun ɗora laifin a kan tsadar mai, wasu a kan jabun kayan gyara, dattawa kuma a kan lalacin yaran yanzu. Kowanne yana da ƙamshin gaskiya, amma babu wanda ya ishi hujja. Lokacin da acaɓa ta bunƙasa bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, fetur yana da araha. Jincheng da ta cika tituna daga baya ita ma mai hayaƙi ce, mai bugu biyu, amma ta zo da akwatin CDI, tsarin da Kawasaki ta sa a babur tun 1969. Akwatin ba shi da abin da ke goguwa, ba a saita shi. In ya mutu a sayi wani. Ɗan acaɓa da ke lissafin kuɗin da zai kai wa mai babur kullum ba zai zaɓi injin da ke kai shi gareji ba. Kafin Boxer ta Bajaj ta iso ta kori masu hayaƙi, kwantak ya riga ya rasa kasuwa. Yaro ba ya koyon aikin da ba a kawo wa ubangidansa ba.

Matsalar tsaro ta ƙara tsananta lamarin. Dokar da gwamna na lokacin, Aminu Bello Masari, ya sa wa hannu a ƙarshen Agusta 2021 ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. An yi ta ne don 'yan bindiga, amma talakan da ke neman tsohon babur ko kayansa shi ma ya ji a jikinsa.

Duk da haka waɗannan babura ba su ƙare ba, kuma mai su sau da yawa ba shi da halin sayen sabo. Ya kamata ƙungiyoyin kanikawa na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su nemo tsofaffin da suka iya wannan saiti, su haɗa su da almajiran gareji tun suna da ƙarfin riƙe sukundireba.