Da wane ƙarfe ake ƙera jikin wayar salula?

A garuruwan Gusau da Tsafe da Bungudu na jihar Zamfara, inda zafin bazara kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, abin da aka ƙera jikin waya da shi yana da tasiri a kan daɗewarta, domin zafi na rage kwanan batir.

Kamfanoni kan duba abubuwa huɗu kafin su zaɓi ƙarfe: nauyi, da ƙwari, da saurin fitar da zafi, da kuma tsada.

Sanholo da sauransu

Sanholo, wato alminiyom, shi aka fi amfani da shi. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, kuma yana saurin fitar da zafi, sai dai yana lotsewa idan waya ta faɗi.

Baƙin ƙarfe marar tsatsa ya fi shi ƙwari, amma yana da nauyi. Titaniyom kuwa yana da ƙwari ba nauyi sosai, sai dai tsada da riƙe zafi.

A shekarar 2023 kamfanin Apple na Amurka ya ƙera iPhone 15 Pro da titaniyom, amma a 2025 ya koma kan sanholo a iPhone 17 Pro.

Da yake ƙarfe na tare sigina, akan bar siraran layukan roba a gefen waya domin eriya.

Launi da kariya

Ba fenti akan shafa wa sanholo ba. Ana tsoma shi ne cikin ruwan asid, a sakar masa lantarki, sai fuskarsa ta yi wani ɓawo mai tauri wanda ke shan rini.

Duk da haka, tsakuwar yashin da ke taruwa a aljihu lokacin hunturu na iya kankare shi, musamman idan ta maƙale a cikin rigar waya.

Wayoyi masu araha da dama roba ce aka yi wa rufi mai ƙyalli kamar ƙarfe. Mai saye na iya ganewa da hannu: ƙarfe kan yi sanyi idan aka taɓa shi a inuwa, roba kuwa ba ta yi.

Batun dalma

Tun watan Yulin 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki.

Zamfara ta san illar wannan guba, domin a 2010 ta hallaka yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, inda ake haƙar zinariya. Don haka ƙona tsofaffin kayan lantarki don cire ƙarfen cikinsu na da haɗari ga lafiya.