Kwamfutar tebur bayan ƙari: ja da bayan firosesa da ihun fanka a zafin Hasahisa

Ja da bayan firosesa shi ne rage gudun da ƙwaƙwalwar kwamfuta ke yi da kanta idan zafi ya yi mata yawa, ko idan wutar da take ja ta wuce abin da aka ware mata. Kariya ce da aka gina a cikinta tun daga masana'anta. Kamfanin Intel ya sa wannan dabara a cikin Pentium 4 a shekarar 2000, yau kuwa duk firosesar zamani tana da irinta. Yawancin firosesocin Intel na tebur suna fara sassautawa ne a wajen digiri 100 na ma'aunin Salshiyos, in kuma zafin ya ci gaba da hawa sai na'urar ta kashe kanta. Ihun fanka yakan zo tare da wannan, amma ba koyaushe dalilinsu ɗaya ba. Matsalar ta fi bayyana bayan an yi wa tsohuwar kwamfuta ƙari: mutum ya kashe kuɗi ya sa firosesa mai ƙarfi, ko katin hoto, ko SSD, sai ya tarar na'urar ta fi da nauyi, tana kuma ƙara kamar injin niƙa.

Inda ake maganar

Hasahisa gari ne a jihar Jazira ta Sudan, a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, daura da Rufa'a, kimanin kilomita 45 arewa da Wad Madani a kan hanyar Khartoum. Hausawan wannan yanki jikokin alhazan ƙasa ne da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, irin jama'ar da suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar, da kuma na waɗanda aikin auduga ya zaunar bayan buɗe shirin noman Jazira a 1925. Yaƙin da ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023 ya iso jihar a Disambar wannan shekara, sojojin gwamnati kuma suka sake karɓe Wad Madani a Janairun 2025, Hasahisa a Fabrairu. An yi asarar kayan ofisoshi da na shaguna masu yawa. Mai shagon buga takardu ko makaranta da ke son komawa aiki, sau da yawa abin da ke gabansa shi ne ya tayar da kwamfutar da ta tsira, ko ya sayi ta gwanjo ya ƙara mata ƙarfi.

Yanayin wurin ba ya raga wa na'ura. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Jazira yakan haura digiri 40, sannan ga habub, guguwar ƙurar da ke tasowa gab da damina. Kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex an ƙera su ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mai karatu a Maraɗi, Damagaram, Agadas, Anjamena ko Garwa zai gane wannan hali, domin bazara da ƙurar hunturu haka suke yi wa tasa.

Lissafin watt

Kwamfutocin da suka cika kasuwar gwanjo su ne na ofisoshin Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa na shekarun 2011 zuwa 2015: OptiPlex 790, 7010, 7020 da 9020, HP EliteDesk 800 G1, Lenovo ThinkCentre M93p da danginsu. Firosesocinsu suna da arha, kuma in gurbin ya yi daidai, sau da yawa ana iya cire ƙarama a sa babba. Gurbi biyu ne suka fi yawa, LGA1155 na 2011 da LGA1150 na 2013.

Shigar firosesa cikin gurbi ba ya nufin akwatin zai iya ɗaukar zafinta. Kowace firosesa tana da adadin watt da Intel ya rubuta mata, wanda shi ne gwargwadon zafin da ake buƙatar fitarwa. Core i3-4130 tana da watt 54, Core i7-4790 kuwa 84. A tsohon gurbin, i3-2100 tana da 65, i5-2400 da i7-2600 suna da 95, i5-3470 da i7-3770 suna da 77. Ƙarfen sanyaya, wato curin alminiyon mai haƙora da ke zaune a kan firosesa, ba ya samar da sanyi, zafi kawai yake miƙa wa iskar ɗaki. Saboda haka zafin firosesa shi ne zafin ɗakin, a haɗa da tazarar da ƙarfen ya iya riƙewa, tazarar kuma tana ƙaruwa kusan daidai da watt.

A ɗauka, alal misali, wani ƙarfe yana riƙe i3 mai watt 54 a tazarar digiri 40 sama da ɗaki. In aka ɗora shi a kan i7 mai watt 84, tazarar za ta kai wajen 62. A ofishin da ke da digiri 22, firosesar za ta tsaya a 84, ta yi aikinta lafiya. A shago mai rufin kwano da ke da digiri 42 da azahar, lissafin ya kai 104, ya wuce iyaka. Nan take firosesar za ta rage gudu, fanka kuma ta tashi da iya ƙarfinta. Wannan ne ya sa shawarar da aka rubuta a Landan ko Faris kan cewa ƙarin kaza yana aiki ba matsala take iya zama gaskiya a can, ta zama asara a Jazira.

Akwai firosesocin da aka rage wa ci. Masu harafin S a ƙarshe, kamar i5-4590S da i7-4790S, watt 65 suke da shi. Masu harafin T, kamar i5-4570T, suna sauka har 35. A ƙasa mai zafi, mai harafin S da ke gudu ba yankewa ta fi babbar da ke tafiya tana haki. Ƙananan akwatunan nan masu girman littafi, irin OptiPlex 9020 Micro da M93p Tiny, don masu watt 35 aka yi su, kuma cusa musu mai 84 ɓarnar kuɗi ce.

A auna kafin a kwance

Abin da ke raba mai gyara da mai canki-canka shi ne ma'auni. Manhajojin kyauta irin su HWiNFO da Core Temp suna nuna zafin kowane sashe na firosesa da gudunta, HWiNFO har yana faɗin ko ja da bayan na zafi ne ko na iyakar wuta. A Linux, lm-sensors na yin aikin auna zafin. Task Manager na Windows yana nuna gudun da nauyin aiki, amma ba ya nuna zafin firosesa.

In zafin yana hawa zuwa casa'in da wani abu sannan gudun ya faɗi, to sanyaya ce ta gaza. Farkon abin dubawa shi ne man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen, wanda masu gyara a Sudan ke kira ma'ajun. Aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani, inda iska ke maƙalewa ta tare zafi. Da zarar an ɗaga ƙarfen, tsohon man ya tashi daga aiki: sai a goge shi tas da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a mayar da ƙarfen a ɗaure kusoshinsa huɗu kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan wadda ke daura da ita. Kusa ɗaya da ba ta zauna ba ta isa ta karkata ƙarfen. Haka ma mantawa da ledar da ke manne a ƙasan sabon ƙarfe, kuskuren da ya fi yadda ake zato yawa. Man goge baki da wasu ke sawa yana bushewa cikin kwanaki, daga nan sai ya zama shi ne ke tare zafin.

Sai ƙura. Tana taruwa ne tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen har ta zama kamar bargo, fanka na juyawa iska ba ta wucewa. A zare wayar wuta, a fita da na'urar waje, a riƙe fankar da yatsa kafin a hura, domin barin ta tana juyawa da ƙarfin bulowa yana cinye ƙafarta. Na'urar sanyaya ɗaki mai ruwa da ta yawaita a Sudan tana taimakawa wajen sauke zafin shago, sai dai in kwamfuta na fuskantarta kai-tsaye, damshi da ƙura sukan haɗu su daskare a kan haƙoran. Ɗaga akwatin daga ƙasa zuwa kan tebur yana rage ƙurar da yake shaƙa. Cire murfin gefe kuwa, wanda mutane da yawa ke ɗauka magani ne, a ƙananan akwatuna yakan rusa hanyar da aka tsara wa iska, ya kuma buɗe wa habub ƙofa.

Firosesa da sanyi, gudu a ɗaure

Wani lokaci ma'auni zai nuna digiri 45 ko 50, amma gudun ya tsaya cak a 0.79 GHz a firosesocin LGA1150, ko 1.6 GHz a na LGA1155, ko da an ɗora mata aiki. Wannan ba zafin firosesa ba ne. Akwai wata hanyar saƙo mai suna BD PROCHOT, wadda ta cikinta babban allon na'urar, madabod, ke umartar firosesa ta sauka ƙasa idan wani sashe ya yi ƙorafi: sassan da ke tace mata wuta sun yi zafi, ko wani ma'auni ya lalace yana aika ƙarya. Ƙananan Dell masu caja irin ta laftaf suna yin haka idan ba su gane cajar ba, ko in ƙarfinta bai kai ba.

Manhajar ThrottleStop tana iya toshe wannan saƙo, gudun ya dawo nan take, kuma kariyar zafin firosesar kanta tana nan ba ta gushe ba. Amma wanda ya toshe shi bai san abin da ya tayar da shi ba, ya rufe bakin mai gargaɗi ne kawai. In ma'auni ne ya lalace, dabarar ta yi amfani. In kuwa sassan wuta ne ke dahuwa, madabod ɗin ne zai biya.

Akwatin wuta ma yana da iyakarsa. Na ƙaramin OptiPlex 7010 watt 240 ne, na 7020 watt 255. Gurbin katin hoto bisa ƙa'ida ba ya ba da fiye da watt 75, a wasu ƙananan akwatuna ma bai kai haka ba. Babbar firosesa da katin hoto a kan akwatin wutar da ya shekara goma yana shan ƙura sukan kawo mutuwar na'ura ba zato da zarar aiki ya yi nauyi. Wutar Sudan bolt 230 ce, kamar ta Najeriya, kuma tsofaffin kwamfutocin da aka kwaso daga Amurka wasunsu suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. A duba shi kafin a jona, domin in yana kan 115 akwatin wutar zai tashi a daƙiƙa ɗaya. Buɗe cikin akwatin wuta aikin ƙwararre ne, yana iya riƙe wuta bayan an zare shi.

Fanka mai ihu ba dalili

In zafi ƙasa yake, gudu daidai, amma fanka na ƙugi tun daga kunnawa, to madabod ne ya rasa labari. Ƙa'idarsa ita ce in bai ji daga ma'auni ba, ya saki fanka da dukan ƙarfi. Wasu OptiPlex suna da ɗan ma'aunin zafin iska a kan siririyar waya a gaban akwati, wadda hannu kan fizge yayin sa RAM ko SSD. Kwamfutocin iMac na 2009 zuwa 2011 sun yi suna da wannan: ma'aunin yana tare da faifan ajiya na asali, da an musanya shi da SSD sai fankar ta haukace.

Wayar fanka ma tana da bambanci. Mai ƙafa huɗu ana sarrafa gudunta ta ƙafa ta huɗun, mai ƙafa uku kuwa in aka sa ta a gurbin da ba ya rage wuta, gudu ɗaya za ta yi, na ƙarshe. Dell ya yi amfani da nasa mahaɗin mai ƙafa biyar a OptiPlex da yawa, saboda haka fankar kasuwa ba ta shiga sai da mahaɗin canji. HP yakan nuna saƙo mai lamba 511 idan bai ga fankar firosesa ba, 512 idan ta akwati ce. A cikin BIOS na Dell akwai zaɓin Fan Control Override, wanda in aka kunna shi fanka ba ta sassautawa. Ɗan batirin CR2032 mai bolt 3 da ke kan madabod idan ya mutu, saitunan BIOS sukan rikice, agogo ya koma baya. Fankar da ke ƙarar gurzawa ko kaɗawa kuwa ƙafarta ce ta cinye, canji take so.

Shi kansa BIOS yana iya zama tsoho ga sabuwar firosesa. i7-4790 ta fito a 2014, allon da aka yi a 2013 kuma yakan buƙaci sabunta BIOS kafin ya gane ta da kyau, kuma da tsohuwar firosesar ake yin sabuntawar. A garin da ake ɗauke wuta ba sanarwa, kada a fara wannan aiki sai a kan inbata ko batirin sola mai cike, domin yankewar wuta a tsakiya tana iya kashe madabod.

Akwai kuma ƙarar da ba ta kayan ƙarfe ba. Bayan an sa sabon Windows, na'urar kan ɗauki sa'o'i tana sabunta kanta da jera fayiloli, firosesa a cike, fanka na aiki, sannan ta lafa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana son firosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama da TPM 2.0, don haka duk waɗannan na'urori suna wajen layi, ko wace i7 aka sa musu. Wanda ke da babbar firosesa ya riga ya saya, yana iya shiga saitin wuta na Windows ya mayar da iyakar gudunta kashi 99 cikin 100. A yawancin waɗannan na'urori hakan yana kashe Turbo Boost, zafi ya sauka sosai, a yi asarar gudu kaɗan.

Gwajin ƙarshe ana yin sa ne da rana tsaka, a cikin shagon da na'urar za ta zauna, murfi a rufe. A ɗora mata aiki mai nauyi na minti 15 zuwa 20 ana kallon ma'auni. In zafin ya tsaya ƙasa da digiri 85 kuma gudun bai faɗi ba, a rubuta lambobin da ranar a manna a jikin akwatin, a sake aunawa bayan habub na gaba.