Gokat: Tseren Da Ya Fara Da Injin Yankan Ciyawa

 Ga rubutun shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Kwanakin baya na tsaya wurin wani mai gyaran injin ban ruwa a Hunkuyi, ya baje inji a kan buhu, fistin nan, kafireta can. Na ce masa, "Maigida, ka san irin wannan injin ake tsere da shi a Amurka?" Ya yi dariya, ya ce 'yan boko ba ku rabo da labari. To yau labarin zan bayar, don wallahi gaskiya ne.

Gokat wata 'yar mota ce mai kujera ɗaya, ba rufi ba ƙofa, mai tuƙi kamar a ƙasa yake zaune. Wanda ya fara haɗa ta bakanike ne, Art Ingels, ma'aikacin Kurtis Kraft, kamfanin ƙera motocin tsere a Kalifoniya. A 1956 ya yi waldar bututun ƙarfe, ya sa ƙananan tayoyi huɗu, abokinsa Lou Borelli ya ɗora mata injin West Bend. Injin nan na yankan ciyawa ne da ya yi kwantai, ƙarfinsa bai kai doki uku ba, kuma irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai ne, kamar ƙaramin janaretan shago. A filin ajiye motoci na Rose Bowl da ke Pasadena aka fara taruwa ana zagaye da ita.

Ɗan Adam kuwa, da ya ga abokinsa ya wuce shi, sai ya koma gareji. A 1959 kamfanin McCulloch ya fitar da MC-10, wanda asalinsa injin zarton yanka itace ne aka gyara. Da wasan ya tsallaka Turai, Italiyawa suka karɓe shi, suka riƙa ƙera inji mai cc 100 musamman don tsere. Gasar duniya ta farko a birnin Rum aka yi ta a 1964, Guido Sala ɗan Italiya ya cinye. Ayrton Senna na Burazil, gokat ɗinsa ta farko mahaifinsa ne ya haɗa masa da injin yankan ciyawa. Lewis Hamilton ma a nan ya fara, a 1993, yana ɗan shekara 8.

Sai dai gyaran inji ya zo da matsalarsa. Mai kuɗi ya sayi inji biyar, ya ɗauki ƙwararren bakanike, ɗan talaka ya shaƙi ƙura. Shi ya sa a 1997 kamfanin Rotax na Ostiriya ya kawo Rotax Max mai cc 125, wanda ake ɗaure wa hatimi, ba mai buɗe shi sai wanda aka amince wa. A ganina wannan ita ce dabara mafi muhimmanci a tarihin wasan, ta ma fi duk wani ƙarin gudu, don ta mayar da gasar hannun direba.

Yanzu mu dawo gida. A 1983 Honda ta fito da injinan GX, ba don tsere ba, don aiki: famfo, janareta, niƙa. Daga baya kamfanonin Chaina suka kwaikwaye su, farashi ya faɗi. Shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya taimaka wajen yaɗa ƙananan famfunan fetur a Arewa, yau ga su nan a gonakin tumatir na Ikara da fadamun rake na Makarfi da Kudan. Wannan dai injin, GX200 mai cc 196 da 'yan kwaikwayonsa, shi masu ƙaramin ƙarfi a Amurka suka ɗauka suka buɗe masa rukunin tsere na kansa.

Me suke yi masa? Daga kamfani ƙarfinsa doki 6.5 ne, kuma akwai gwamna a ciki da ke riƙe shi a juyi 3,600 a minti. Sai su cire gwamnan, su sa wa bawul sifirin mai tauri, su faɗaɗa hanyar mai a kafireta, su canza salansa don hayaƙi ya fita da sauri. A haka juyin kan haura 6,000. Amma a nan nake so ku buɗe kunne. Faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke bayan igiyar tayarwa ba a yi shi don wannan juyin ba, yana iya tarwatsewa, ga shi inji a gefen haƙarƙarin direba yake. Shi ya sa masu tsere ke canza shi da na alminiyon da aka sassaƙa. Kada wani ya ji shirin nan ya je ya cire gwamnan injin babansa, ba da yawuna ba. Af, kuma injin markaɗe ya fi na ban ruwa dacewa, don bakin sandarsa an yi shi ne a ɗaura fule, na famfo kuwa zare ne da shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, son gudu muna da shi, a kan titi muke kashe shi. Duk wanda ya taɓa bin rakiyar amarya ya ga yadda samari ke wasa da babur, ba hular kwano, yara na tsaye a bakin hanya. Wani abokin karatuna har yau da sanda yake tafiya sanadin haka. Masu walda kuwa, je ka Panteka a Kaduna ka ga abin da hannu ke ƙerawa. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic. Wanda ya iya wannan, gokat ce za ta gagare shi? Abin da su Ingels suka samu mu ba mu samu ba shi ne fili killatacce da doka ɗaya da kowa zai bi.

Na koma wurin mutumina na Hunkuyi na nuna masa bidiyon tseren a waya. Ya kalla sau biyu, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ina ake samun ƙananan tayoyin. Na ce zan bincika masa a Zariya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.