Ƙungiyar The Clash da Siyasar Kiɗan Punk a Birtaniya

A shekarar 1976, lokacin da aka kafa ƙungiyar The Clash a Landan, tattalin arzikin Birtaniya na cikin mawuyacin hali. Marasa aikin yi sun haura miliyan ɗaya, gwamnati ta kai ga karɓar rance daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, jam'iyyar National Front kuma tana ɗora laifin a kan baƙi. A wannan yanayi kiɗan punk ya tsiro, kiɗa mai sauri da kaushi da matasa ke huce haushinsu da shi. Wannan maƙala na ganin abin da ya bambanta The Clash da takwarorinta irin su Sex Pistols shi ne ta san inda za ta sauke nata fushin.

'Yan ƙungiyar Joe Strummer da Paul Simonon sun ga arangamar 'yan sanda da matasa baƙar fata a bikin Notting Hill na 1976 da idanunsu, kuma wannan ce ta haifar da waƙar "White Riot". A faifansu na farko, a 1977, sun sake rera "Police and Thieves" ta Junior Murvin, mawaƙin rege ɗan Jamaika. Simonon ya tashi ne a Brixton, unguwar da 'yan Karibiyan suka yi yawa, don haka rege kiɗan maƙwabtansa ne. A watan Afrilun 1978 ƙungiyar ta yi wasa gaban dubun-dubatar mutane a Victoria Park, a gangamin Rock Against Racism na yaƙi da wariyar launin fata.

Masu suka suna da abin kamawa. Ƙungiyar da ke kukan talaka ta ƙulla yarjejeniyar fam 100,000 da kamfanin CBS a 1977, Strummer kansa kuma ɗan jami'in diflomasiyya ne da ya yi makarantar kwana. Sai dai a 1980, da suka fitar da Sandinista! mai faifai uku, sun yafe wani kaso na kuɗinsu domin a sayar da shi da araha. Wanda ya yi haka bai cancanci a kira shi ɗan kasuwa zalla ba.

Ƙungiyar ta watse a 1986, Strummer ya rasu a 2002. Gadon da ta bari shi ne ta nuna wa matashin Bature mara aiki cewa maƙwabcinsa ɗan Jamaika abokin wahalarsa ne, a daidai lokacin da 'yan siyasa ke ce masa abokin gaba ne.